Na'urar Kwaikwayon Amfilifaya da Makaɗan Jita a Kan Dandamali

Kaso mai yawa na sautin jitar lantarki da masu sauraron kiɗan rok suka saba da shi tun shekarun 1960 aikin amfilifaya ne, wato akwatin da ke ƙara wa sauti ƙarfi, musamman ƙirar Marshall da Vox na Ingila da Fender na Amurka, waɗanda ke aiki da bawul, wasu ƙananan kwalabe masu ɗaukar zafi da ke sa sautin ya yi kauri da kaushi idan aka matsa musu. Sai dai wannan daɗi yana zuwa da wahala, domin akwati mai lasifika huɗu kan haura kilo 30, bawul kan fashe a hanya, kuma amfilifayar ba ta sakin muryarta ta ainihi sai an ƙure mata ƙara.

Wannan ne ya buɗe ƙofa ga na'urar kwaikwayo, wadda ke mayar da motsin tsirkiya zuwa lambobi, sannan manhajar cikinta ta lissafa abin da bawul da sauran kayan amfilifaya za su yi wa sautin da a ce ya ratsa ta cikinsu. Kamfanin Line 6 ya fito da POD a 1998, Fractal Audio ya biyo baya da Axe-Fx a 2006, sai kuma Kemper na Jamus da ya zo da wata dabara daban a 2011, inda na'urar ke tura sautukan gwaji cikin amfilifaya ta gaske, ta saurari amsarta ta makirufo, ta adana halayyarta. Ta haka makaɗi kan ɗauki amfilifayoyi masu yawa a jaka guda, ya sauya daga wannan zuwa waccan da taka maɓalli ɗaya.

Ƙungiyar Metallica ta nuna amfanin abin a fili a Disambar 2013, lokacin da ta yi wasa a yankin ƙanƙara na Antatika, inda ƙa'idojin kare muhalli suka hana tayar da ƙara, aka aika kiɗan kai tsaye zuwa na'urorin kunne na mahalarta. Ƙungiyar ta kuma ci gaba da amfani da Axe-Fx a rangadin da ta yi bayan haka.

Gardamar da ta rage, kan ko na'urar za ta iya maye gurbin amfilifaya ta gaske, ta fi shafar makaɗin fiye da mai sauraro, kuma nan ne ya kamata a yi wa masu ƙorafi adalci. Mai sauraro a babban zaure dama can sautin da makirufo ya ɗauko yake ji ta manyan lasifikoki, don haka da wuya ya rarrabe. Shi kuwa makaɗi ya saba jin iskar lasifika tana bugun bayansa, tana kuma komawa ta girgiza tsirkiya har sauti ɗaya ya daɗe yana kuka, abin da ba ya samuwa idan dandamali ya yi shiru. Batun jinkiri da ake yawan ambata bai kai yadda ake zuzuta shi ba, tunda sauti na tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa, wanda ke nufin jinkirin na'ura mai kyau bai wuce na matsawa mita ɗaya daga lasifika ba. Saboda haka makaɗa da yawa kan raba sautin biyu, su aika ɗaya ga injiniyan sauti babu makirufo a tsakani, ɗayan kuma zuwa akwatin lasifika da ke bayansu domin hannu ya riƙa jin abin da yake kaɗawa.