Bagaruwa

Bagaruwa itaciya ce mai ƙaya da ke fitowa a ƙasashe masu ƙarancin ruwan sama. Ana samun ta daga Senegal har zuwa Sudan da Masar, da kuma ƙasar Indiya. A ƙasar Hausa tana da yawa a yankunan Maraɗi, Katsina, Sakkwato da Kano. Waɗansu mutane suna ce mata gabaruwa.

Kamanninta

A wuri mai tsauri bagaruwa ba ta yin tsawo sosai, amma a bakin gulbi ko fadama tana iya wuce mita 10. Ɓawonta baƙi-baƙi ne mai kaushi. Ganyenta ƙanana ne ƙwarai. Ƙayoyinta farare ne, dogaye, suna fitowa biyu-biyu. Furenta rawaya ne, kewayayye, mai ƙamshi, kuma ƙudan zuma suna son shi. Bayan fure sai ta yi ƴaƴa cikin dogon kwanso. In kwanson ya bushe yakan yi duhu, ya faɗo ƙasa.

Saiwar bagaruwa tana shiga ƙasa da nisa don neman ruwa. Shi ya sa take jure fari. Haka kuma, in tabki ya cika da damina ya mamaye gindinta, ba ta mutuwa da wuri.

Bagaruwa a Kasuwar Malam Atta

Akra shi ne babban birnin ƙasar Gana, yana bakin teku. Hausawa sun saba kiran sa Ankara. A cikinsa akwai unguwannin zango, kamar Nima da Mamobi, inda ake jin Hausa ko'ina. Kakannin mutane da yawa na waɗannan unguwanni daga arewa suka zo. Tun da daɗewa fatake suna zuwa Gwanja sayen goro, suna kai tufafi da kanwa da jemammiyar fata. Daga baya waɗansunsu suka gangaro har bakin teku, suka zauna.

Ba nisa da Nima akwai Kasuwar Malam Atta. A irin waɗannan kasuwanni masu sayar da kayan yaji da magungunan gargajiya sukan kasa busasshiyar bagaruwa kusa da kanwa, kimba, kanumfari da citta. Busasshen kwanso yana daɗewa bai lalace ba, don haka yana iya yin doguwar tafiya cikin buhu. Sunan ma ya bi shi: a Gana har majeman da ba Hausawa ba suna ce masa bagaruwa.

Jima

Babban amfanin bagaruwa shi ne jima. Ɗanyar fata, in aka bar ta haka nan, ko dai ta ruɓe ta yi wari, ko ta bushe ta yi tauri kamar katako. A cikin kwanson bagaruwa akwai wani sinadari mai bauri wanda ke shiga cikin fata ya hana ta ruɓewa.

Majemi yakan fara jiƙa fata cikin ruwan toka har gashin ya yi laushi. Sa'an nan ya kankare gashin da sauran nama da wuƙa, ya wanke ta sarai. Bayan haka sai ya daka bagaruwa a turmi, ya zuba garin cikin kwatarniya mai ruwa, ya tsoma fatar yana murzawa. In ta jemu sai ya shafa mata man gyaɗa, ya shanya ta.

Daga nan aiki ya koma wajen rini da dukanci. Ana samun jan launi daga karan dafi. Baƙin launi kuwa, wanda ake kira kuloko, ana haɗa shi da bagaruwa da kashin maƙera. Dukawa suna ɗinka takalma, jakunkuna, kube, layu da kayan doki.

Fatar jar akuya ta Sakkwato da Maraɗi ta yi suna a duniya. A da ayarin raƙuma ne ke ketare Sahara da ita zuwa arewacin Afirka. Daga can take isa Turai, inda aka riƙa kiran ta fatar Maroko, alhali kuwa da yawanta a ƙasar Hausa aka jeme ta.

Sauran amfani

Mutane sun daɗe suna dafa bagaruwa don kurkure baki in dasashi yana ciwo. Ana barbaɗa garinta a kan gyambo, ana kuma sha kaɗan saboda gudawa. Amma magani yana da ƙa'ida. Shan ta da yawa yana iya cutarwa. Yaro ba ya shan magani da kansa, kuma yaron da ke gudawa a ba shi ruwan gishiri da sukari, a kai shi asibiti.

Icenta yana da ƙarfi, gara ba ta cin sa da sauri. Da shi ake yin ƙotar gatari da ta fartanya. Ƙaron da ke tsatsowa daga jikinta ana sa shi cikin tawada. Da rassanta masu ƙaya ake shinge garka. Da rani, sa'ad da ciyawa ta ƙare, awaki da raƙuma suna cin ganyenta da ƴaƴanta. Ƙwayar tana fita cikin kashinsu, ta tsira in ruwa ya sauka.

Icen bagaruwa yana ba da gawayi mai kyau, saboda haka ana sare ta da yawa. Itaciyar da aka sare sau ɗaya take ba da gawayi. Wadda aka bari kuwa kowace shekara tana ba da ƴaƴa, tana riƙe ƙasa kada iska ta kwashe ta. Manomi mai hangen nesa yakan bar ƙananan bagaruwa a gefen gonarsa su girma.

Kalmomi

bagaruwa: le gonakier
ƙaya: l'épine
fata: la peau
jima: le tannage
majemi: le tanneur
ƙaro: la gomme

Tambayoyi

1. Me ya sa bagaruwa take jure fari?
2. A wane birni Kasuwar Malam Atta take?
3. Yaya majemi yake jeme fata?
4. Me ya sa aka kira fatar ƙasar Hausa fatar Maroko?
5. Wace hasara ake yi in an sare bagaruwa?