Rage Teɓa da Murɗa Jiki Ba Sai da Mai Horarwa Ba

A Gusau, kafin rana ta ɗaga, ɗan ga-ruwa ya riga ya cika kurarsa. Jarka goma ce ko fiye, kowace tana cin lita 25, kuma tun da lita ɗaya ta ruwa nauyinta kilo ɗaya ne, abin da yake turawa a lungunan Tudun Wada da Sabon Gari ya kai kilo 250, ban da nauyin kurar kanta. Ba shi da mai horarwa, bai taɓa biyan ko sisi a gidan motsa jiki ba, amma damtsensa da bayansa a murɗe suke. A gidan da yake sauke ruwan kuwa, sau da yawa maigidan ma'aikaci ne ko ɗan kasuwa: daga ɗaki sai mota ko bayan ɗan kabu-kabu, daga nan sai kujerar ofis ko bencin shago, da yamma sai tabarmar majalisa. Babu mai sha'awar wahalar ga-ruwa, neman abinci ne ya ɗora masa ita. Sai dai jikinsa shaida ce cewa tsoka ba ta tambayar inda nauyi ya fito, ko daga na'ura ko daga jarka.

Maganar rage ƙiba a Zamfara tana bukatar kara. Jiha ce da yara da yawa ke fama da tamowa, ga dubban mutanen da rashin tsaro ya raba da gonakinsu. Amma tamowa da ƙiba suna zaune ne a gari ɗaya, wani lokaci ma a unguwa ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 mutum ɗaya cikin takwas a duniya yana ɗauke da ƙibar da ta zama cuta, kuma abin ya daɗe da daina zama na ƙasashen Turawa kaɗai. Masu hawan jini da ciwon suga da ke bin layi a Cibiyar Lafiya ta Tarayya ko Asibitin Yariman Bakura ba baƙi ba ne, 'yan gari ne. Al'ada ma tana da nata kaso a ciki. Mutum ya ajiye tumbi a ce hutu ya karɓe shi, amarya ta yi jiki a ce gidan miji ya yi daɗi, har wasu mata na shan ƙwayoyin nan da ake kira sha-ka-fashe, waɗanda galibi magungunan asibiti ne da aka yi don wasu cututtuka, kuma suna iya jawo suga da hawan jini ga mai shansu ba da izinin likita ba.

Wanda ya yi niyyar ragewa, abin da zai fara nema igiya ce. Ya auna tsawonsa da ita daga ƙasa zuwa ƙoƙon kai, ya yanke, ya ninka ta biyu, sannan ya zagaya cikinsa da ita daidai saman cibiya kaɗan. In bakin igiyar ya haɗu, da sauƙi. In bai haɗu ba, ƙugun ya wuce rabin tsawo ke nan, kuma wannan ita ce alamar da hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta shawarci jama'a a 2022 su riƙa lura da ita. Dalili shi ne kitsen da ke taruwa a cikin ciki, kewaye da hanta da hanji, ya fi na cinya da na ɗuwawu haɗari, domin shi ne ke da alaƙa ta kusa da suga da cutar zuciya. Sikelin kemis yana da amfani, amma nauyi na hawa da sauka da kilo ɗaya ko fiye a rana guda saboda ruwa da abincin da ke ciki. Igiyar ta fi shi faɗin gaskiya.

Daga nan sai kwano, kuma a nan ne mafi yawan aikin yake. Mutane da dama suna ɗauka cewa gudu da zufa ne za su narkar da teɓa alhali suna ci yadda suka saba. Lissafi bai yarda ba. Mai nauyin kilo 70 da ya yi tafiyar sauri ta rabin awa yana ƙona kalori wajen 150. Cokalin cin abinci ɗaya na man gyaɗa ko manja yana da kusan 120. Ke nan ƙarin cokali biyu na mai a kan shinkafa da wake ya cinye tafiyar nan har da bashi. Wani masani ɗan Amurka, Herman Pontzer, ya auna ƙarfin da 'yan ƙabilar Hadza na Tanzaniya ke ƙonawa a rana, mutanen da ke yini suna yawon farauta da tonon saiwa, ya wallafa sakamakon a 2012. Abin da ya gano ya ba masana mamaki: in aka yi la'akari da girman jiki, abin da suke ƙonawa bai yi nisa da na mazauna biranen Turai da Amurka ba. Jiki yana da dabarar tsuke kashe ƙarfi a wani wuri in an ƙara masa aiki a wani. Motsa jiki yana gyara zuciya da jini da barci, yana taimakawa kada ƙibar ta dawo, amma saukar da ita tun farko aikin baki ne.

Sa'ar da mutumin Tsafe ko Bunguɗu ya yi ita ce abincin da likitoci ke yabo yana bakin ƙofarsa, kuma ya fi na kanti araha. Dawa da gero da ba a cire musu dusa sosai ba, wake, waken suya da ake awara da shi, zogale, rama, tafasa, yakuwa, kuka da kuɓewa, nono marar sukari, ƙwai, kifi busasshe. Hoce da kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli sun fi burodi da shayi mai kauri riƙe ciki. Ba a ce a bar tuwo ba. Abin da ake nufi a juya tsarin kwanon: ganye da miya su ɗauki rabi, malmala biyu ta koma ɗaya, wake ko nama ko kifi su cike sauran. Masa da ƙosai da fanke da awara kuwa, laifinsu na kaskon suya ne, don haka su zama na lokaci-lokaci.

Sukarin da ake sha ya fi wanda ake taunawa ɓarna, domin yana wucewa ba tare da ciki ya san an ci wani abu ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada sukarin da ake ƙarawa a abinci ya wuce kimanin giram 50 a rana ga babba, wato ƙaramin cokali 12, kuma rabin haka ya fi. Robar lemo guda mai rabin lita tana iya cike wannan adadi ita kaɗai. A ƙara da kofin mai shayi na safe da na dare, da zoɓo ko kunun aya da aka zuba wa sukari ba awo, da furar rana da ita ma sai an zuba mata. Gwamnatin tarayya ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi a dokar kuɗi ta 2021, amma naira goma ba ta hana kowa sha. Wanda ya mayar da abin shansa ruwa, ya rage sukarin shayinsa zuwa cokali ɗaya, ya riga ya yi babban kaso na aikin ba tare da ya ji yunwa ba.

Ina kitsen yake zuwa in ya tafi? Mafi yawansa ba zufa yake komawa ba, ba kuma ta bayan gida yake fita ba. Wani lissafi da aka buga a mujallar likitocin Birtaniya a 2014 ya nuna cewa daga kilo 10 na kitsen da jiki ya ƙona, kilo 8.4 yana fita ne ta numfashi a matsayin iska, sauran ya zama ruwa. Wannan kaɗai ya isa ya kashe kasuwar abubuwa biyu. Na farko ɗaure ciki da leda ko sa rigar sanyi a yi gudu cikin rana, abin da a zafin Afrilu na Gusau, lokacin da ma'aunin zafi ke haura digiri 40, zai iya kai mutum ga suma. Na biyu shayin rage tumbi da ake tallatawa a Facebook da WhatsApp. Da yawansu dangin filasko ne, wato maganin wankin ciki: mutum ya yi ta zawo, sikeli ya sauka saboda ruwan jiki ya ragu, kwana biyu nauyin ya dawo. Wasu kuma an sha kama su a ƙasashe daban-daban da ɓoyayyen sinadarin sibutiramin, maganin da aka janye daga kasuwannin Turai da Amurka a 2010 saboda yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar jiki. Kuɗin da ake zubawa a kansu gara a sayi wake da ƙwai.

Ga motsa jiki, ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020 a bayyane yake: minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, da kuma aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu. Matsakaici na nufin saurin da mutum zai iya magana amma numfashinsa ya ɗan ɗaga. Rabin awa bayan sallar asuba ko bayan la'asar sakaliya, kwana biyar, ya cika mafi ƙarancin. Ana iya raba shi: a sauka daga Keke Napep kafin a kai, a taka zuwa masallacin da ya ɗan fi nisa, a yi minti goma bayan cin abincin dare, wanda ke taimaka wa sukarin jini ya daidaita.

Amma a nan dole shawara ta san ƙasar da take. Dutsen Kwatarkwashi, a ƙaramar hukumar Bunguɗu, wuri ne da a zamanin zaman lafiya zai ja masu son hawa, sai dai halin da hanyar Gusau zuwa Tsafe da ƙauyukan gefenta ke ciki ba ya barin a ce wa kowa ya fita bayan gari da duku-duku. A tsaya cikin unguwa, a filin makaranta ko na ƙwallo, bayan gari ya waye, kuma a cikin jama'a.

Murɗewar jiki kuwa abu biyu ne suka haɗu: kitsen da ke sama ya ragu, tsokar da ke ƙasa ta yi ƙarfi. Babu atisayen da ke zaɓar kitsen wuri guda ya ƙona. An gwada haka a Amurka a 2011, inda aka sa mutane atisayen ciki na mako shida, tsokar cikinsu ta ƙara juriya amma teɓar tana nan yadda take. Abin da ke aiki shi ne a motsa manyan tsokoki. Tashi-tsugunna domin cinyoyi. Kifa ciki a dafa ƙasa a ɗaga jiki da hannuwa domin ƙirji da kafaɗa, wanda bai iya ba ya fara da dafa bango. Sunkuyawa da miƙaƙƙen baya a jawo galan na ruwa zuwa haƙarƙari domin baya. Ɗaukar bokiti biyu masu nauyi ɗaya a zagaya tsakar gida. Hawa da sauka a kan dakali. Kowanne sau 8 zuwa 12, a huta, a maimaita sau biyu ko uku. Sirrin da masu horarwa ke karɓar kuɗi a kansa shi ne ƙari a hankali: duk lokacin da abin ya yi sauƙi, a ƙara lita ɗaya a galan ko a ƙara yawan maimaici. Ciwon tsoka na kwana ɗaya ko biyu ba komai ba ne, amma zafi mai suka a gwiwa ko ƙashin baya alamar a dakata ce.

Wannan ya fi muhimmanci ga mata, musamman waɗanda ba su cika fita ba. Injin niƙa da famfo sun ɗauke daka da surfe da jan guga, alheri ne babba, amma ba a maye gurbin motsin da suka tafi da shi ba. Duk abubuwan da aka lissafa ana yin su a ɗaki, a rufe. Tsoron cewa ɗaukar nauyi zai mayar da jikin mace irin na namiji ba shi da tushe, domin sinadarin da ke kumbura tsokar maza kaɗan ne a jikinta. Abin da za ta samu shi ne ƙarfin baya da ƙashi, da jikin da ba ya saki yayin da shekaru ke tafiya.

To me ya rage wanda mai horarwa ke bayarwa? Sa ido. A wani babban gwaji na rigakafin ciwon suga da aka yi a Amurka, wanda aka bayyana sakamakonsa a 2002, mutum fiye da 3,000 da ke dab da kamuwa ne suka shiga. Waɗanda aka sa wa burin rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu da tafiyar minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58, alhali masu shan maganin metfomin nasu ya ragu da kashi 31. Gaskiya ne suna da masu bibiyarsu, amma ginshiƙin aikin shi ne rubuta abin da aka ci da auna kai a kai a kai. Littafin rubutu na 'yan makaranta zai yi wannan, aboki ko maƙwabciya da aka yi alkawarin fita tare za su yi sauran. A lura kuma da girman burin: ga mai kilo 90, kashi 7 bai wuce kilo shida da ɗoriya ba. Rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako ya isa. Azumin Ramadan kansa darasi ne a nan, domin bincike ya nuna yawanci ana sauke kilo ɗaya ko makamancin haka, sannan ya dawo makonni kaɗan bayan salla idan aka koma tsohon kwano.

Akwai waɗanda bai kamata su fara su kaɗai ba. Mai ciki da mai jego, mai shan maganin suga ko na hawan jini, wanda ke jin ciwon ƙirji ko jiri in ya yi sauri, da duk wanda ya haura shekara 40 bai taɓa gwada jininsa ba, su fara biyawa ta asibiti mafi kusa, ko a Gusau ko a babban asibitin Tsafe ko na Bunguɗu, a auna musu jini da suga. Wanda kuma yake ramewa ba tare da ya nema ba, musamman in da yawan fitsari da ƙishirwa ko tari mai daɗewa, kada ya yi murna da ramar. Ya je ya ga likita a makon nan.