Kafin Katafila Ta Shiga Fadama

Duk wanda ya bi babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato, ta ratsa Aliero da Jega da Maiyama ta nufi Yawuri, zai shaida cewa ƙasar tana sauya kama. Inda da akwai kurmi ko saura, yau gonar shinkafa ce, ko tulin albasa, ko ginin makaranta, ko ramin da aka haƙa aka ɗebi jar ƙasa. Babu mai jayayya da amfanin waɗannan ayyuka. Sai dai akwai tambayar da doka ta wajabta a amsa kafin a kafa harsashin babban aiki, wato: waɗanne halittu ne ke zaune a wurin, kuma me zai same su?

Asalin dokar wani abin takaici ne. A 1988 aka gano gubar masana'antu da aka kwaso daga Italiya aka jibge a garin Koko mai tashar jirgin ruwa, a tsohuwar Jihar Bendel (kada mai karatu ya ɗauka Kokon da ke gaba da Maiyama ne). A shekarar aka kafa hukumar kare muhalli ta tarayya, FEPA, sannan a 1992 aka zartar da Doka mai lamba 86, wadda ta tilasta yin nazarin tasirin aiki ga muhalli. Tun 1999 alhakin duba wannan nazari ya koma Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya. Cikin ayyukan da dokar ta ambata da suna akwai manyan hanyoyin ƙasa, da madatsar ruwa mai faɗin hekta 200 ko fiye, da shirin ban ruwa mai hekta 5,000 ko fiye. Mai aiki, gwamnati ce ko kamfani, shi ke ɗauko masana ya biya su, su shiga daji su rubuta rahoto.

Da a ce dokar ta riga madatsar Bakolori, wadda aka kammala a kan Gulbin Sakkwato a 1978, da wataƙila an hango abin da ya biyo baya. Binciken da aka yi daga bisani ya nuna cewa ambaliyar da ke shayar da fadamun da ke ƙasa da madatsar ta ragu, noman shinkafa da kamun kifi suka ja da baya. Ihu bayan hari ke nan.

Aikin masanin halittu a irin wannan nazari ba na ofis ba ne. Yakan shata layuka a filin, ya bi su da ƙafa tun asuba, domin a lokacin ne tsuntsaye suka fi kuka da motsi. Yana rubuta abin da ya gani da abin da ya ji, yana duba sawu da kashi da rami da sheƙa. Dabbobin dare kamar dila da tunku, akan ɗana masu kyamara mai ɗaukar hoto da kanta. Amma mai hankali cikin masana ba ya raina maharbi ko masunci ko makiyayi, don sun fi kowace na'ura sanin inda kada ke kwanciya da tafkin da ba ya ƙafewa.

Abin da ya fi komai muhimmanci shi ne lokaci. Ƙa'idar ma'aikatar ita ce a tattara bayanai damina da rani, kuma fadamar Gulbin Zamfara a Jega ta isa hujja. Wanda ya zo a watan Maris zai tarar da busasshen laka, ya rubuta cewa babu komai. Alhali a ƙarƙashin ƙafarsa gaiwa na kwance cikin kwanson majinar da ta lulluɓe kanta da shi, tana shaƙar iska da huhu, tana jiran ruwan farko. Idan gulbi ya cika ya malala, tarwaɗa da ƙarfasa sukan bar shi su shiga ciyawar fadama su yi ƙwai, bargi kuwa har sheƙa yake ginawa a cikin ciyawar. Saboda haka idan aka ɗaga hanya a tsakiyar fadama ba tare da isassun kwalbatoci ba, an raba kifi da ɗakin haihuwarsa, kuma masuncin da ke sayar da kifi a kasuwar Jega shi zai fara ji a jikinsa. Wanda ya zo da damina kawai kuma, zai ga shamuwa, amma ba zai ga baƙin tsuntsayen da ke tasowa daga Turai su ƙetare Sahara su yi hunturu a nan ba.

Bayan an gama ƙirga sai a auna jerin da ma'auni biyu. Na farko dokar 1985 ce ta halittun da ke fuskantar ɓacewa, wadda aka yi wa gyara a 2016. Ta kasa su gida biyu, waɗanda aka haramta farauta da cinikinsu ɗungurungum, da waɗanda sai da lasisi. Na biyu shi ne Jan Kundi na ƙungiyar IUCN. A 2015 kundin ya sanya ungulu, wadda dattawa suka saba gani tana cika mahauta, a matakin da daga shi sai ƙarewa. Guba da cinikin sassan jikinta don magani sun yi mata illa, ga shi ƙwai ɗaya tak take yi a sheƙa, a kan doguwar bishiya, da rani. Sare rimi guda a wannan lokaci na iya zama asarar haihuwar shekara. Gauraka ma ya yi wuyar gani, haka ayu a Kogin Kwara ta wajen Yawuri.

Rahoto nagari ba ya tsayawa ga jeri. Yakan ce a karkata hanya ta kauce wa tafki, ko a jinkirta sare itace har 'ya'yan tsuntsu su tashi, ko a cike ramukan da aka ɗebi ƙasa, domin idan sun zama kududdufai katantanwar da ke ɗauke da ƙwayar tsargiya na iya samun gida, yara kuma su shiga wanka.

Raunin tsarin a fili yake. Wanda zai yi aikin shi ke biyan wanda zai auna shi, kuma ba kowane ɗan kwangila ke son jin cewa ya jira damina ba. Daga nan ake samun rahoton da aka rubuta a ɗaki, aka kwafo jerin dabbobin wani yanki aka liƙa. Tarar da dokar ta yanka wa kamfani a 1992 ba ta wuce naira miliyan ɗaya ba, kuɗin da a yau ko tayoyin katafila ba za su saya ba. Ɗaliban kimiyyar halittu na jami'ar da aka kafa a Aliero a 2006 za su iya rage wannan giɓi, idan suka riƙa tara bayanan tsuntsaye da kifayen yankin shekara bayan shekara, ta yadda rahoton ƙarya zai sami abin da zai ƙaryata shi.

Akwai kuma ƙofar da aka bar wa jama'a. Kafin kwamitin masana ya zauna, akan baje daftarin rahoto na kwana 21 na aiki a ma'aikatun muhalli da sakatariyar ƙaramar hukumar da abin ya shafa, domin kowa ya karanta ya rubuta ƙorafinsa. Sai dai daftarin da Turanci yake zuwa, mai kauri, masuncin da ya san inda bargi ke sheƙa kuwa ba safai labarin ke isa gare shi ba kafin kwanakin su cika.