Ɗora Wa Tsohuwar Volkswagen Sabon Inji

A Ingila da Amurka akwai ma'abota tsofaffin motoci waɗanda ba su kai su gareji. A gida suke sauke inji su ɗora wani da hannunsu. Motar da ta fi yi musu sauƙin sha'ani ita ce Volkswagen Beetle, wadda aka daina ƙerawa a Meziko a shekarar 2003, bayan an yi fiye da miliyan 21.

Dalili kuwa shi ne injinta a baya yake, iska ce ke sanyaya shi, babu lagireto balle tiyon ruwa. Noti huɗu kacal ke riƙe shi da akwatin giya. Da an kwance wayoyi da tiyon mai da wayar totur, sai a tallafe shi da jak, a ja baya, a sauke.

Galibi akan fid da mai ƙarfin doki 34, a sa mai doki 50. To, a nan fa gizo ke saƙa. Motocin da aka ƙera kafin 1967 lantarkinsu bolt 6 ne, kuma faifan ƙarfen da sitata ke juyawa haƙoransa 109. Na sabon injin haƙora 130 gare shi, ya kuma fi faɗi, saboda haka tilas a sake sitata, a kankare cikin bakin akwatin giyar kafin ya shiga.

Sai birki, wanda masu zumuɗi kan manta da shi. An auna shi ne da gudun tsohon inji, don haka a ganina shi ya kamata a fara gyarawa. A Ingila kuma dole a sanar da hukumar rajistar motoci da kamfanin inshora, in ba haka ba, ranar haɗari kamfanin yana iya ƙin biya.