Yadda ake ƙera na'urar bin diddigin namun daji, da abin da ya sa gandun Gashaka-Gumti ya bambanta

Daga Jalingo, hanyar da ta bi ta Bali zuwa Serti ita ce ke kai matafiyi Gashaka-Gumti, gandun daji na ƙasa mafi girma a Najeriya. An kafa shi a 1991, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000, kuma ya ratsa jihohin Taraba da Adamawa. Babu adadin jami'an tsaron dajin da zai iya sanin inda kowane garken dabbobi yake a fili mai wannan girma. Wannan giɓi ne na'urar bin diddigi, wadda ake ɗaura wa dabba a wuya, take ƙoƙarin cikewa.

Fasahar ta daɗe. Tun farkon shekarun 1960 wasu masana biyu 'yan'uwan juna, Frank da John Craighead, suka fara rataya wa namun dajin Yellowstone da ke Amurka na'urar rediyo. Abin da take yi kawai shi ne fitar da sauti a kai a kai, mai bincike kuma ya ɗauki eriya ya bi shi da ƙafa ko a jirgin sama. A shekarun 1990 aka fara haɗa ta da GPS, wanda ke gano wurin da dabba take ta hanyar taurarin ɗan'adam.

Sai dai GPS karɓar saƙo kawai yake yi, ba ya turawa. Dole a ƙara wata na'urar da za ta aika bayanan, ko ta layin wayar salula, ko ta tauraron ɗan'adam irin na Iridium. A cikin daji mai nisa da gari ba a dogara da layin waya, shi kuwa tauraron ɗan'adam ya fi tsada, ya fi cin batir.

Batir ɗin ne ke ba maƙera wahala, domin shi ne mafi nauyi a cikin kayan. Ƙa'idar da masana suka saba bi ita ce kada nauyin na'ura ya wuce kashi 3 zuwa 5 cikin 100 na nauyin dabbar. Giwa ba ta damu da abin wuya mai fiye da kilo 10 ba, har ma ana ƙara masa wani nauyi a ƙasa don eriyar ta zauna a saman wuya tana fuskantar sama. Amma dabba mai kilo 2, a lissafin kashi 3, giram 60 kacal za ta ɗauka, kuma a cikinsa za a cusa batir da eriya da murfin da ruwa ba ya ratsawa. Saboda haka kowane bayani yana da farashi. Na'urar da ke ɗaukar wuri duk bayan awa ɗaya za ta yi hakan sau 8,760 a shekara; idan aka mayar da ita duk bayan awa huɗu, sau 2,190 ne, batir ya ƙara kwana, amma hanyar da dabbar ta bi tsakanin lokutan biyu ta ɓace.

A Yankari da ke jihar Bauchi, ƙungiyar WCS ta sanya wa wasu giwaye irin wannan abin wuya, lamarin da ke ba jami'ai damar bin garke da kuma gargaɗin manoma idan giwayen sun doshi gonaki. Yankari kuwa sarari ne mai itatuwa jefi-jefi. Kudancin Gashaka-Gumti tsaunuka ne da kwazazzabai da kurmi, a nan ne ma tsaunin Chappal Waddi mai tsayin mita 2,419 yake. Duhuwar itatuwa tana tare saƙon tauraron ɗan'adam, na'ura ta daɗe tana nema, batir yana ƙarewa a banza, sannan farantin hasken rana ba ya samun ranar da za ta cika shi.

Akwai kuma dabbobin da abin wuya bai dace da su ba sam. Birin cimfanzi, wanda gandun ya yi suna da shi, yana da hannun da zai iya cire na'ura, kuma harba masa allurar sa barci haɗari ce, domin yana iya faɗowa daga kan itace. Shi ya sa masu bincike suka fi dogara da kyamarorin da ake ɗaurewa a jikin itatuwa da ƙidayar sheƙunan da yake kwana a ciki. Ɗankunya, dabbar nan mai ɓawo da ke naɗe kanta idan ta tsorata, ba ta da wuyan da zai riƙe komai, sai dai a huda ɓawo guda a bayanta a ɗaure ƙaramar na'ura. Raƙumin dawa ma, duk da dogon wuyansa, an taɓa komawa ga maƙala masa na'ura mai amfani da hasken rana a ƙaho.

Na'urorin zamani suna da ma'aunin motsi da ke aika gargaɗi idan dabba ta yi sa'o'i ba ta motsa ba, alamar ta mutu ko tarko ya kama ta. Wasu suna da makullin da ke buɗe kansa a ranar da aka tsara, abin wuyan ya faɗi ba tare da an sake kama dabbar ba, sannan jami'ai su bi sautin rediyonsa su ɗauko shi. Bayanan da ya tara kuwa ba kowa ake nuna wa ba, domin taswirar da ke nuna wa jami'i inda ɓauna ko damisa ke shan ruwa, ita ce mafarauci zai fi so ya samu.