Sababbin Bindigogin Iska: Abin da Ya Raba Kan Masu Sha'awarsu

Bindigar iska ba ta aiki da albarushi, matsattsiyar iska ce ke tura ɗan harsashin dalma. A Turai da Amurka, masu sha'awarta sun rabu gida biyu kan sababbin ƙira.

Wasu sun rungumi nau'in PCP mai tulun iska, wanda ake cikawa da famfo ko inji har matsin ya kai bar 200 ko fiye. Irin wannan bindiga ba ta girgiza hannu sosai, kuma cikawa ɗaya kan isa harbi da dama. FX na Suwidin na cikin kamfanonin da ke gaba, haka ma Daystate na Ingila da ya sa lantarki a kunamar bindiga.

Masu riƙe da tsohuwa mai sifirin, irin ta Weihrauch na Jamus, kuwa cewa suke sabuwar ta yi tsada, ga kayan cikawa, ga robobin toshe iska da kan fara yoyo. A ganina suna da hujja, musamman ga sabon shiga.

Doka ma na taka wa ƙarin ƙarfi birki: a Ingila, doguwar bindigar iska da ƙarfinta ya wuce kusan jul 16 sai da lasisi, a Jamus kuwa iyakar jul 7.5 ce.