ASALIN KALMA: Katifa, Bargo da Matashi

Sanyi ya shigo, kowa ya zaro bargonsa, don haka darasinmu na yau a kan gado yake.

Makon jiya wata ɗaliba ta ce mini, "Malam, ai katifa Turanci ce, tunda Bature ya kawo ta." Na san da yawanku haka kuke zato. To, ku gyara zama.

KATIFA daga Larabci take, "ƙaɗifa", wato mayafi mai laushi irin karammiski. Kalmar ta je har Sifen da Fotugal, inda "alcatifa" ke nufin kafet. Mu kuma muka raɗa wa abin kwanciya. Tun kafin katifar soso ta zo, iyayenmu suna cusa ta da audugar rimi ko ta gona. Mutanen Funtua da Malumfashi, ƙasar auduga, ba sai an ba su labari ba.

Shi ma Baturen aro ya yi. "Mattress" ta Turanci daga "maɗrah" ta Larabci ta fito, ma'ana wurin da ake jefa abu, wato shimfiɗar da ake yadawa a ƙasa. Ta bi ta Italiyanci da tsohon Faransanci kafin ta isa Ingila. Faransawan yau "matelas" suke cewa. Kun ga mu da su duk ƙofa ɗaya muka ƙwanƙwasa, kowa da kalmar da ya samo.

BARGO kuwa, masana suna danganta shi da "abrogh" ta harshen Buzaye, waɗanda muka daɗe muna fatauci da su. Namu na gida shi ne gwado, saƙin hannu na auduga. "Blanket" ta Turanci daga "blanc" ta Faransanci take, wato fari, domin asalinsa farin yadin ulu ne. A kula da rubutu: bargo na rufa, ɓargo na cikin ƙashi. Lanƙwasa ɗaya ce ta raba su, kuma tana cin maki a jarrabawa.

MATASHI ba aro ba ne, ƙirar gida ce. Hausa na gina sunan kayan aiki da ɗafa-goshin ma- da ɗafa-ƙeyar -i: buɗe ya ba mu mabuɗi, yafa ya ba mu mayafi. Matashi shi ne abin da ke ta da kai, shi ya sa ake cewa matashin kai. Bafaranshe kunne ya duba, ya ce "oreiller", daga "oreille", kunne. Mu kai muka duba.

Kar ku haɗa shi da matashi, saurayi. Na kai, karin sautinsa sama-sama-sama, jam'insa matasai. Na mutum, sama-ƙasa-sama, jam'insa matasa.

FILO fa? Wannan kam Turanci ne, "pillow". Bakin Bahaushe ya mayar da p zuwa f, kamar a fensir da famfo. Aron kalma ba laifi ba ne, kowane harshe yana yi. Amma inda muke da tamu, kar mu bari ta kwanta dama. Yau yara da yawa sun san filo, ka ce "miƙo matashi" su tsaya kallonka.

Aikin gida: a tambayi kaka me ake kira "luru", kuma wa ke rufa da shi. Sai darasi na gaba, a kwana lafiya.